Abin da Ke Ƙarƙashin Hasashen Kofin Duniya a Shagunan Caca na Legas

Duk lokacin da gasar cin kofin duniya ta ƙarato, hirar gidajen kallon ƙwallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12 takan sauya salo, musun Arsenal da Manchester United ya lafa, a koma kan tambaya guda, wato wace ƙasa ce za ta ɗaga kofi. A shekarun baya mutum yakan amsa ne da abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, wannan ya ce Brazil domin ita ya tashi ya tarar ana yayi, wancan ya ce Ajantina saboda Maradona ko Messi. Yanzu kuwa matashi zaro waya yake yi ya nuna maka jerin ƙasashe, kowace da lamba a gabanta, ya ce ai kamfanoni sun riga sun faɗi wanda zai ci. Wani ɗan ƙanena da ke ɗaukar kaya a kasuwar Mile 12 ya taɓa nuna mini irin wannan jeri yana cewa, "Kawu, waɗannan mutanen fa ba su yin kuskure, da na'ura suke aiki." Maganarsa ta tsaya mini a rai, domin rabinta gaskiya ne, kuma wannan rabin gaskiyar ne ke sa mutane da yawa su miƙa kuɗin guminsu.

Lambar da ke gaban sunan ƙasa, wadda matasa ke kira odi, farashi ce. Idan aka rubuta 5.00, ma'anarta ita ce wanda ya zuba naira 1,000 zai karɓi 5,000 in ƙasar ta ci kofi, kuɗinsa na ciki. Amma akwai wata ma'ana ta biyu da ke ɓoye a cikinta, wadda ake fitarwa da lissafin ɗan firamare: a raba 100 da lambar, abin da ya fito shi ne kason damar da farashin ke nunawa. Don haka 5.00 na nufin kashi 20 cikin 100, 10.00 na nufin kashi 10, 50.00 kuma kashi 2 kacal. Wannan shi ne abu na farko da ɗan ƙanen nawa bai lura da shi ba. Ƙasar da ke saman jeri da 5.00, kamfanin bai ce za ta ci ba. Abin da lambar ke faɗa shi ne, da za a buga gasar sau biyar, sau huɗu wata ƙasa ce daban za ta tafi da kofin. Kafin fara gasar duniya, farashin ƙasar da aka fi kyautata wa zato yakan tsaya ne a wannan yanki, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, wani lokaci sama, kuma hakan na nuna cewa su kansu masu sa farashin sun fi tsammanin faɗuwarta a kan nasararta.

Abu na biyu kuwa duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan canji a Broad Street ko Allen Avenue zai gane shi nan take. Ɗan canji yana da farashi biyu, na saye da na sayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Dala ta hau ko ta sauka, muddin ana shiga ana fita, yana samun nasa. Kamfanin caca ma da irin wannan tazara yake rayuwa. A ɗauki wasan da ɓangarorin biyu ƙarfinsu ya zo ɗaya, kamar a jefa kwabo sama a ce kai ko wutsiya. Farashin adalci shi ne 2.00 ga kowane ɓangare, amma kamfani zai rubuta 1.90 da 1.90. Mutum biyu suka zuba naira 1,000 kowanne a ɓangarori daban-daban, kamfani ya karɓi 2,000, ya biya wanda ya ci 1,900, ya riƙe 100, ba tare da ya damu da wanda ya yi nasara ba. Bambancin da ke tsakaninsa da ɗan canji babba ne, domin wanda ya je canji ya fito da dala a hannu, abin da ya biya la'adar hidima ce, shi kuwa mai tikiti abin da ya saya dama ce, kuma an sayar masa da ita sama da ƙimarta.

A cacar wanda zai lashe gasa gaba ɗaya, wannan tazara ta fi faɗi, kuma ta fi wuyar gani, saboda an warwatsa ta a kan ƙasashe masu yawa. Ga misalin da na tsara da kaina domin a ga yadda abin yake. A ce ƙasashe shida na sama an ba su 5.00 da 6.00 da 7.00 da 8.00 da 9.00 da 10.00. Idan aka mayar da kowace zuwa kaso aka tara, za a samu kusan kashi 85. A ƙara wasu huɗu masu 20.00 kowace, wato kashi 5 sau huɗu, jimla ta haura 104. Ƙasashe goma kaɗai sun cinye ɗari har sun wuce, alhali a gasa mai ƙasashe 48 akwai sauran 38 da ba a taɓa ba. Tunda kofi ɗaya ne kuma ƙasa ɗaya ce za ta ɗauke shi, jimlar gaskiya ba za ta wuce 100 ba, don haka duk abin da ya ɗoru a kai rabon kamfani ne. Duk mai shakka ya buɗe jerin kowane kamfani ya yi wannan tarawar da kansa, ba zai taɓa samun ɗari cif ba. Masu nazarin kasuwannin caca sun daɗe da lura da cewa mafi yawan wannan ƙari a kan ƙananan ƙasashe ake jibge shi, domin mutum in ya ga 200.00 hankalinsa yakan tafi ga girman abin da zai samu, ba ya tsayawa ya tambaya ko farashin gaskiya 500.00 ne ko ma 1,000.00. Wanda ya sa naira 500 a kan wata ƙaramar ƙasa yana cewa ai ba wani kuɗi ba ne, sau da yawa shi ne aka fi cuta a awo.

To daga ina lambobin suke fitowa tun farko? A nan ne ɗan ƙanena yake da gaskiya, domin lallai da na'ura ake aiki. Ana farawa ne da auna ƙarfin kowace ƙasa bisa sakamakon wasanninta na baya, kuma hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Arpad Elo ya ƙirƙiro domin 'yan wasan dara ta Turawa, inda doke babba ke kawo maki mai yawa, doke ƙarami kuma maki kaɗan. Ita kanta FIFA ta koma kan tsari irin wannan wajen jera ƙasashe tun 2018. Daga nan sai a ƙiyasta yawan ƙwallayen da kowace ƙasa ke iya zurawa da waɗanda ake iya zura mata, a duba irin damarmakin da take samarwa a gaban raga ba ƙwallayen da suka shiga kaɗai ba, a saka jadawalin rukuni da hanyar da kowa zai bi zuwa wasan ƙarshe, sannan a sa kwamfuta ta buga gasar dubban lokuta a ƙirga sau nawa kowace ƙasa ta yi nasara. Bayan an fitar da farashin farko, kuɗin jama'a ne ke ci gaba da motsa shi. Idan kuɗi ya yi yawa a kan ƙasa guda, kamfani yakan rage farashinta domin kada nauyin biya ya taru masa a wuri ɗaya, kuma manyan 'yan caca na ƙasashen waje masu zuba miliyoyi bisa nasu lissafin sukan gyara duk wani kuskure cikin ɗan lokaci. Saboda haka lambar da ta iso wayar matashi a Agege ta riga ta haɗiye duk wani labari da yake ganin shi kaɗai ya sani. Raunin ɗan wasa, saɓani tsakanin koci da kyaftin, zafin garin da za a buga wasa, duk an saka su a farashi tun kafin labarin ya zo gidan kallo.

Abin da na'ura ba za ta iya kawarwa ba shi ne yanayin wasan kansa. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci. A gasar Katar ta 2022 an zura ƙwallaye 172 a wasanni 64, wato ƙasa da uku a kowane wasa, kuma a inda ci ya yi ƙaranci haka, ƙwallo guda da ta bugi turke ta dawo, ko jan kati guda, ko hukuncin alƙali guda, ya isa ya juya sakamako. A gasar lig ta Ingila kowace ƙungiya tana buga wasanni 38, sa'a ta yau da rashin sa'ar gobe su share juna, mai ƙarfi ya fito fili a ƙarshe. A gasar duniya kuwa da zarar an fita daga rukuni an shiga sili-ɗaya-ƙwale, tuntuɓe ɗaya ne tsakanin ƙasa da filin jirgi. A ce akwai ƙasar da ta fi kowa ƙarfi har tana da damar kashi 70 ta tsallake kowane zagaye, wanda kaso ne mai yawa ƙwarai idan aka tuna irin abokan karawar da ake haɗuwa da su a ƙarshen gasa. A tsohon tsari mai ƙasashe 32 sai ta tsallake zagaye huɗu a jere, kuma idan aka ninka kashi 70 sau huɗu abin da ke saura kashi 24 ne. A tsarin da aka fito da shi domin gasar 2026 ta Amurka da Kanada da Meziko, mai ƙasashe 48 da wasanni 104, an ƙara zagayen 'yan 32, zagayen sili-ɗaya-ƙwale ya zama biyar, zakara sai ya buga wasa takwas maimakon bakwai, kuma wancan kaso ya sauko zuwa kusan 17. Ƙarin zagaye ɗaya kawai ya zaftare wa mafi ƙarfi kusan kashi ɗaya cikin uku na damarsa, ba tare da ƙarfinsa ya ragu da komai ba.

Tarihin gasar ya cika da shaidu a kan haka. Brazil ce aka fi sa wa rai kafin gasar 2022, kuma a wasan daf da na kusa da ƙarshe Neymar ya zura ƙwallo a ƙarin lokaci, saura 'yan mintuna Kuroshiya ta farke, aka je bugun fenareti Brazil ta fita. Ita kuwa Ajantina da ta ɗauki kofin, ta shiga gasar ne da wasanni 36 ba a doke ta ba, sai ga Saudiyya ta lallasa ta da ci 2 da 1 a wasan farko, kuma daga baya sai da ta bi ta bugun fenareti sau biyu, da Holan da kuma da Faransa a wasan ƙarshe da aka tashi 3 da 3. Wanda ya kalli wannan wasa ba zai manta da ƙafar Emiliano Martínez da ta tare ƙwallon Kolo Muani a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci ba; da ta wuce, da duk masu taƙama da cewa sun hango Ajantina tun farko sun yi shiru, wasu ne daban za su fito su ce sun hango Faransa. Sifaniya ma a 2010 da rashin nasara a hannun Siwizalan ta buɗe gasa kafin ta ɗaga kofi. Masu riƙe da kambu kuwa sun sha kunya a jere: Faransa ta fita a rukuni a 2002 ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba bayan Senegal ta doke ta a wasan buɗe gasa, Italiya ta fita a rukuni a 2010, Sifaniya a 2014, Jamus a 2018 bayan Koriya ta Kudu ta ci ta 2 da nema. Tun da aka fara gasar, Italiya a 1938 da Brazil a 1962 ne kaɗai suka kare kofinsu har zuwa 2022.

Mu a nan ba ma buƙatar zuwa nesa, domin abin da ya faru a gasar cin kofin Afirka da aka kammala a Fabrairun 2024 yana nan daram a zukatanmu. Najeriya ta doke mai masaukin baƙi Kwaddibuwa da ci ɗaya mai ban haushi a rukuni, sannan Ikwatoriyal Gini ta zazzaga mata 4 da nema a gaban jama'arta, aka sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta kuma tsallake rukuni da ƙyar a cikin waɗanda suka zo na uku. A wannan makon, ko a Abijan ba za ka samu mutane da yawa da za su ce ita ce za ta ɗauki kofi ba. Amma ita ce ta fitar da Senegal mai riƙe da kofi, ta zo wasan ƙarshe, Troost-Ekong ya fara ci mana, Kessié ya farke, Haller ya ƙara ta biyu, gidajen kallo daga Obalende har Alaba Rago suka yi tsit. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan dare an ga haka ƙarara. Zambiya a 2012 da Girka a gasar Turai ta 2004 duk labarin ɗaya ne.

Sai dai kuskure ne a ɗauki waɗannan misalai a ce to ashe kowa na iya ci, a je a zuba kuɗi a kan ƙananan ƙasashe. Daga 1930 zuwa 2022 an buga gasar duniya sau 22, kuma ƙasashe takwas kacal ne suka raba kofin a tsakaninsu: Brazil sau biyar, Jamus da Italiya sau huɗu-huɗu, Ajantina sau uku, Faransa da Yurugwai sau bibbiyu, Ingila da Sifaniya sau ɗai-ɗai. Dukansu daga Turai ko Kudancin Amurka suke. Holan ta je wasan ƙarshe sau uku ba ta dace ba, Maroko ta kafa tarihi a 2022 a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe amma a nan ta tsaya. Ke nan jerin kamfanoni ba shirme ba ne, ya iya ware 'yan ƙasashen da kofin ke yawo a tsakaninsu, kuma a wannan ya fi ra'ayin kowane mai sharhi na gidan kallo inganci. Abin da ya gagare shi, ya kuma gagari kowa, shi ne nuna guda ɗaya a cikin waɗannan shida ko bakwai. Mai caca yana tsakanin abu biyu ne: in ya bi manya, an ba shi farashin da bai kai haɗarin ba, in ya bi ƙanana, ya sayi abin da kusan bai taɓa faruwa ba a farashin da aka fi tauyewa.

Ko manyan cibiyoyin kuɗi na duniya sun gwada sa'arsu a nan. Bankin Goldman Sachs, da duk masana lissafin da yake da su, Brazil ya fitar a 2014, shekarar da Jamus ta ci ta 7 da 1 a Belo Horizonte bayan Neymar ya ji rauni a baya kuma an dakatar da Thiago Silva; a 2018 ma Brazil ya sake fitarwa, Beljiyam ta kore ta. Wannan ba ya nuna lissafinsu ɓatacce ne, yana nuna iyakar lissafi ne a gasa mai gajeren zango. A gefe guda kuma, a 2010 wata dabbar ruwa mai hannuwa takwas da aka raɗa wa suna Paul a wani gidan ajiye halittun ruwa a Jamus ta dace da sakamakon wasanni takwas a jere ta hanyar zaɓar akwatin abinci mai tutar ƙasa. Dacewa sau takwas a zaɓi tsakanin abu biyu dama ce ta ɗaya cikin 256, kuma idan aka tuna yawan dabbobi da mutane da ke yin hasashe a kowace gasa, dole ne a samu wanda zai dace. Shi ake tunawa, sauran ɗaruruwan da suka kuskure ba a sake jin ɗuriyarsu.

A kan wannan mantuwa ce masu sayar da hasashe suka gina sana'arsu, kuma su ne ɓangaren da ya fi tayar mini da hankali, domin yanzu har da Hausa suke tallata kansu a Telegram da WhatsApp da TikTok. Akwai tsohuwar dabara da ba ta buƙatar sanin ƙwallo ko kaɗan. Mutum ya tara lambobin waya 800, a wasan sili-ɗaya-ƙwale na farko ya gaya wa 400 cewa wannan ƙasa ce za ta wuce, ya gaya wa sauran 400 ɗayar. Bayan wasa ya watsar da waɗanda ya ba kuskure, ya raba waɗanda suka dace gida biyu ya maimaita. Bayan wasa huɗu yana da mutum 50 da suka ga ya dace sau huɗu a jere, kuma kowannensu a shirye yake ya biya kuɗin shiga zaure na musamman. Wasu kuma ba su karɓar kuɗi a hannunka, sai dai su ba ka mahaɗar yin rajista da wani kamfani, kuma a tsarin da yawa daga cikin kamfanonin, irin wannan wakili kaso yake samu daga abin da mutanen da ya kawo suka yi asara. Wato ribarsa tana cikin faɗuwarka, alhali yana kiran ka ɗan'uwa. Masu cewa suna da wasan da aka riga aka shirya sakamakonsa kuwa, tambaya ɗaya ta ishe su: wanda yake da tabbacin sakamakon wasan gasar duniya, me zai yi da naira 5,000 ta ɗan dako, alhali yana iya zuba dukiyarsa shi kaɗai ya kwashe? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Da yake jiran wata guda kafin a san zakara ya yi wa matasa tsawo, yawancinsu ba su tsayawa a cacar kofi, sai su koma jera wasannin rukuni goma ko goma sha biyar a tikiti ɗaya, suna fatan naira 200 ta zama dubu ɗaruruwa. A nan rabon kamfani ninkuwa yake yi. Idan a kowane wasa ana tauye kashi 5, to a tikiti mai wasa goma abin da aka tauye ya kai kusan kashi 40 na ƙimar kuɗin tun kafin a busa usur. Kukan da ake ji kullum a bakin shaguna, cewa wasa ɗaya ne ya yanke tikiti, shi ne sakamakon da lissafi ya fi tsammani, kuma shi ne ke sa mutum ya ga kamar ya kusa, ya dawo gobe. Ranar da Saudiyya ta doke Ajantina tikiti marasa adadi ne suka mutu tun da rana tsaka, domin Ajantina ce wasan da kowa ya sa a matsayin wanda babu tantama a kansa. Har damar da ake bayarwa ta karɓar wani abu kafin wasa ya ƙare, ita ma da ragi ake lissafa ta, don haka mai karɓa ya biya la'ada sau biyu, wajen shiga da wajen fita.

Dalilin da ya sa wannan magana ta shafe mu a Legas fiye da 'yan'uwanmu na gida shi ne yanayin wurin. Legas ta saba da caca tun zamanin cacar lambobi ta Baba Ijebu, kuma kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet da BetKing suna aiki a fili da lasisi, shagunan wakilansu na kusan kowane layi. A Kano Hisbah ta rufe shagunan caca a 2024, amma waya ba ta da ƙofar da za a garƙame, balle a nan inda babu mai hanawa. A Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke ikon dokar caca ta tarayya ta 2005 a kan jihohi, a ƙarar da Jihar Legas ta jagoranta, ta tabbatar da cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar, don haka nauyin ya koma kan hukumar kula da caca ta jihar. Matashin da ya baro Jigawa ko Sakkwato ya zo neman kuɗi, yana kwana a shago ko a masallaci, ba iyaye a kusa, ga kuɗin hannu na shigowa kullum kaɗan-kaɗan, shi ne wanda wannan kasuwa ta fi sauƙin kamawa, musamman tun da hana acaba a wasu ƙananan hukumomi a 2022 ya raba da yawa da abin yi. Hukuncin addini a kan caca ba ɓoyayye ba ne, yana nan a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kuma malamanmu na faɗa a kan mumbari. Abin da na lura shi ne da yawa daga cikin masu yi sun shawo kan zuciyarsu da cewa wannan ba caca ba ce, ilimin ƙwallo ne suke sayarwa, kuma kalmar hasashe ce ta ba su wannan mafaka. Shi ya sa nake ganin bayanin lissafin yana da muhimmanci kusa da wa'azi, domin shi ne ke rushe da'awar ilimin.

Akwai abu guda mai sauƙi da hukumar jihar za ta iya tilasta wa kamfanoni tunda ikon ya dawo hannunta, kamar yadda ake tilasta wa mai sayar da magani ya rubuta abin da ke cikin kwalba. A gaban kowace lamba a rubuta kason damar da take nufi, a ƙasan kowane jeri a rubuta jimlar kason domin a ga abin da ya haura ɗari, a kan kowane tikiti mai tarin wasanni kuma a buga damar cinsa a fili, da Turanci da Yarbanci da Hausa. Haka nan duk mai tallar hasashe da ke karɓar kaso daga kamfani a wajabta masa bayyana hakan a kan kowane saƙo. Lokacin da na zauna da ɗan ƙanena muka raba 100 da lambar ƙasar da ya zaɓa, muka samu kashi 14, sai ya daɗe yana kallon wayar kafin ya ce, "Kawu, ashe su ma ba su yarda za ta ci ba."